KURRA: INDA RUWA KE HAIFAR WUTA A TUDUN JOS

Duk wanda Allah ya kai shi Jihar Filato, ya bar Jos ya bi ta Bukuru zuwa ƙasar Barikin Ladi, zai yi ta wuce tarin jar ƙasa da manyan kududdufai, watau ragowar aikin kuza. Can gaba, inda tudu ya fara gangarawa, nan Kurra take, wurin da ruwa ke zubowa daga kan duwatsu.

Kuza ce ta kawo wutar lantarki nan. Turawan haƙar ma'adinai sun bukaci ƙarfin da zai juya injunansu, ga shi itace ya yi ƙaranci a kan tudun, gawayin Inugu kuwa sai jirgin ƙasa ya ɗauko shi daga nesa. Sai suka juya ga ruwa. An fara da magangarar Kwall a 1923, sa'an nan a 1929 kamfanin NESCO ya kama aiki a Kurra, shekaru kusan arba'in kafin a gama madatsar Kainji a 1968.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana tare ruwan damina a madatsa, a bi da shi ta hanyar da aka gina, a sako shi cikin manyan bututai daga kan tsauni zuwa ƙasa. Nauyinsa da saurinsa su ke juya injin, injin kuma ya ba da wuta. Ƙarfin wutar ya danganta ga yawan ruwan da kuma tsawon gangaren da ya faɗo. Lita 1,000 a kowace daƙiƙa, in ta faɗo mita 100, tana iya ba da kilowat wajen 800. Saboda haka ƙaramin rafi a bakin tsauni ya kan yi aikin da babban kogi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba zai yi ba sai da ƙatuwar madatsa. Kainji sai da ta ci tsohon garin Busa.

Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, kamfanonin haƙa suka durƙushe, amma ruwan Kurra bai daina zuba ba. NESCO, wanda bai narke cikin NEPA ba da aka kafa ta a 1972, ya ci gaba da sayar da wuta ga gidaje da masana'antu na yankin.

Sai dai ruwa na da nasa sharaɗin. Damina a nan daga Afrilu ce zuwa Oktoba, abin da madatsa ta tara shi za a lallaɓa har rani ya wuce. In aka sare itatuwan bakin rafi, laka ta cika madatsa, wuta ta ragu. Kuma ba kowane ƙauye Allah ya ba tsauni ba.

A nan hasken rana ke shigowa, don lokacin da ruwa ke ja baya shi ne lokacin da gajimare ke washewa. Faifan rana a kan rufin ɗakin shan magani ya isa ya riƙe firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa, muddin akwai batir mai kyau da mai goge ƙurar hunturu. Manoman rani da ke jan ruwan kududdufan kuza zuwa gonakin dankalin Turawa da tumatir su ma suna iya maye gurbin injin fetur da famfo mai aiki da rana, in sun sami kuɗin saye, wanda shi ne ya fi gagarar ƙaramin manomi.