Ranar da Muka Ga Sisi da Idonmu

Kusan kullum sai ɗayanmu ya ce "wallahi ba ni da ko sisi", musamman idan aka fita tara, mai awara ta sauke robarta a bakin ƙofar makaranta. Amma har muka shiga aji biyar na sakandare, babu wanda ya taɓa riƙe sisi a hannunsa. Mun ɗauka salon magana ne kawai, kamar "ko anini".

A hutun ƙarshen zango ne kakarmu ta sa mu, mu uku jikokinta, mu kwashe kayan ɗakinta za a yi shafe. A bayan jeren kwalla muka ci karo da wani tsohon gwangwanin alewa mai nauyi. Da muka buɗe sai ga sulalla, wasu sun yi baƙi, wasu da huda a tsakiya.

"Hajiya, ashe ke attajira ce kike ɓoye mana?"

"Ku tafi can, 'yan nema," in ji ta. "Wannan ai ragowa ce. Babban gwangwanin na ba ɗan gwangwan bara, ya ba ni robobi biyu."

Robobi biyu! Har yau in mun tuna sai ranmu ya sosu.

A tabarmarta muka zauna ta koya mana lissafin da ba a yi mana a aji ba. Anini goma ne kwabo ɗaya. Kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda. Masu hudar, ta ce, a zare ake shirya su don kada su zube. A jikin wasu daga cikinsu akwai tauraro mai tsini shida, ga kuma rubutun Larabci da sunan sarkin Ingila a ɗaya gefen. Kuɗin zamanin Turawa ne, wanda aka kashe a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya.

Daga nan muka kamu. Muka shiga duba shekarar da ke jikin kowanne, muna tambayar malamin tarihi abin da ya shige mana duhu. Na 1959 su ne na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar: taro na ɗauke da auduga, sisi kuma da koko. A ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Wanda ya fi burge mu shi ne kwabo 25 na wannan shekarar, domin dalar gyada ce a jikinsa. Sau nawa aka ba mu labarin dalar gyadar Kano muna hamma? Ga ta yau a tafin hannunmu, kusa da kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin man fetur. Ka jera biyun, ka ga abin da ƙasar ta dogara da shi da, da abin da ta koma wa. Malamin ya ƙara mana da cewa ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce.

Mun yi ɓarna ma. Don ɗoki, muka goge wani sule da toka da lemon tsami har ya yi ƙyalli, sai ga shi duk ya karce, rubutun ya dushe. Daga baya muka gane masu wannan sha'awa ba sa goge tsohon kuɗi, kuma a gefe suke riƙe shi. Yanzu kowanne yana cikin 'yar takardarsa, mun rubuta ƙasa da shekara da wanda ya ba mu.

Wani abokinmu ya ce muna ɓata lokaci, wai abin ba shi da gaba. Yana da hujja. Sulallan ƙarshe da aka fitar a 2007, wato kwabo 50 da naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay da naira biyu, ko mai rake ba zai karɓa ba. Yau ciniki ya koma tiransifa da POS, babu canjin ƙarfe da zai faɗo hannun yaro ya ja hankalinsa. Mu dai muna ganin wannan ne ma dalilin tarawa. Ba a ƙara sababbi, tsofaffin kuma kullum ana auna su a sikeli ana narkarwa. Wanda ya tsira a hannun ɗalibi yau, nan da shekara talatin ƙila sai a gidan tarihi za a ga irinsa.

Kada dai wani ya shiga don an ce masa akwai tsohon kwabon da ake saye miliyoyi. Mun ji wannan jita-jitar, kuma yawancin abin da ke gwangwanin kaka an buga shi da yawan gaske, kuɗinsa kaɗan ne. Daɗin abin shi ne ba ya cin jari. Kawunmu da ke zuwa Maraɗi ya kawo mana dala ta sefa, wadda har gobe ake kashewa a can, wata gwaggonmu kuma ta zo mana da sulallan Saudiyya daga aikin Hajji.

Yanzu muna da guda arba'in da bakwai daga ƙasashe huɗu. Abin da muke nema ido rufe shi ne sule biyu na 1959, mai hoton gyada. An ce ƙanwar kakarmu da ke ƙauye ita ma tana da gwangwani, kuma mun riga mun aika mata kada ta saurari ɗan gwangwan kafin hutu.