Ɗana Yana Son Ya Zama Nakamura

'Yar uwa, idan ɗanki yana buga darar Turawa, wato ces, a waya, da wuya a ce bai san Hikaru Nakamura ba. Ba'amurke ne da aka haifa a Japan a 1987. Ya kai matsayin babban gwani yana da shekara 15, kuma sau biyar yana lashe gasar Amurka. A intanet da sauri aka san shi, musamman a wasan minti uku ko minti ɗaya. Ko an takura shi ba ya saurin miƙa wuya, sai ya yi ta kafa tarko har abokin karawa ya zame.

Ɗana mai shekara 12 saurin kawai ya ɗauka. Ranakun da nake aikin dare, kwana yake yana wasa, da safe ido jajur, makinsa kuma na raguwa. A matsayina na nas, na san yadda rashin barci ke dusashe tunani.

Ban ƙwace wayar ba. Na faɗa masa cewa tun yana shekara 7 Nakamura yake koyo a hannun mijin mahaifiyarsa, wanda malamin ces ne. Ido ke sabawa tukuna, sannan hannu ya yi sauri.

Muka yi yarjejeniya: wasa biyu na minti 15 a rana, duk wanda aka cinye shi ya koma ya nemo kuskurensa, ƙarfe tara a ajiye waya. Kafin ki hana naki, ki tambaye shi wa yake kwaikwaya.