Yawon buɗe ido da ƙananan yara: Abin da ya same mu a Alƙahira

Yau labarin gidana zan ba ku, ko wata uwar za ta tsira daga kuskuren da na tafka.

A dogon hutun makaranta na watan Agustan da ya wuce muka tafi Alƙahira ta ƙasar Masar, ni da maigida da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara bakwai da auta 'yar shekara uku. Shekara biyu muna tara kuɗin tafiyar, har da adashen da nake zubawa a wurin aiki. Kwana shida muka ware, ni kuwa na ƙudurta ba kobon da zai tafi a banza.

Ta fannin magani na yi shirin da aikina ya koya mini. Na tabbatar kowa yana da katin rigakafin shawara. Na haɗa farasitamol na yara da ƙullin ORS da ƙwayar zinc da ma'aunin zafin jiki, kowanne a kwalinsa na asali. Wata maƙwabciya ta kawo ƙwayoyi a leda in kai wa ɗanta da ke karatu a can, na ba ta haƙuri. Masar ba ta wasa da magunguna irin su tiramadol. A shekarar 2017 kotu ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda ta shiga ƙasar da shi a jaka. Duk maganin da ba ki san ko mene ne ba, kada ki ɗauka wa kowa.

Inda na yi sake shi ne tsarin yawon. Na cika takarda da wurare uku-uku a kowace rana, kamar manya ne kaɗai za su yi tafiyar. Ranar farko muka yi sallah a Masallacin Azhar, wanda ya haura shekara 1,000 da ginawa, muka zarce kasuwar Khan Khalili har dare. A can auta ta sha lemo mai ƙanƙara a bakin hanya, ina kallo ban hana ba.

Washegari ranar zuwa dalolin Giza ce. Da safe ta yi zawo sau biyu, na ce sauyin abinci ne kawai. Muka makara, ba mu isa ba sai wajen ƙarfe 11, rana ta take. Wurin fili ne na rairayi da duwatsu, inuwa sai an nema. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146. Yaron ya tsaya baki buɗe yana tambaya ko Fir'auna yana ciki. Babansa yana ba shi labarin dalar gyaɗa ta Kano, ni ina ta ɗaukar hoto. Auta kuwa ta lafe a kafaɗar babanta, har ina jin daɗi wai yau ba ta yi rigima ba.

Shi ne ya juyo ya ce, "Maman yara, yarinyar nan fa tun safe ba ta ce za ta yi fitsari ba."

Gabana ya faɗi. Na duba bakinta a bushe, idanu sun ɗan faɗa, ta yi kuka babu hawaye sosai. Alamomin ƙarancin ruwa a jiki ke nan, waɗanda nake lissafa wa iyaye mata kusan kullum a wurin aiki. Na laluba jaka, ashe ORS ɗin yana otel, a cikin akwati. Muka bar yawon nan take.

A ɗaki na kaɗa ƙulli ɗaya a lita guda ta ruwan gora, kamar yadda aka rubuta a jikinsa, na riƙa ba ta da cokali duk bayan minti ɗaya zuwa biyu. Da ta yi amai na jira minti 10 na ci gaba a hankali. Na fara mata zinc, miligiram 20 a rana, wanda ake ba yaron da ya wuce wata shida na tsawon kwana 10 zuwa 14. Ban ba ta maganin tsayar da zawo ba, domin ba a ba ƙananan yara shi, ban kuma ɗura mata Flagyl ba kamar yadda aka saba a gidajenmu. Inda babu ƙullin ORS, ana iya haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da dare zazzaɓi ya rufe ta, muka nufi asibiti. Abin da na fara gaya wa likita shi ne daga Najeriya muke, kwananmu biyu da sauka, ina roƙon a yi mata gwajin maleriya. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da wannan cuta, don haka ba lallai ne likitan can ya fara kawo ta a rai ba, alhali yaro yana iya barin gida da ita a jini sai a can ta bayyana. Cikin ikon Allah gwajin ya nuna babu, kuma ba ta kai ga ƙarin ruwa ba. Yaron da ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko jikinsa ya saki, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti za a kai shi ba tare da jira ba.

A hanyar komawa maigida bai ce mini uffan a kan laifina ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Na ciro takardar nan na soke fiye da rabinta. Sauran kwanakin wuri ɗaya muke zuwa da sassafe, mu dawo kafin azahar yara su yi barci. Jakar magani da gorar ruwa suna rataye a kafaɗata duk inda muka sa ƙafa. Iskandariya da na ci buri ba mu je ba, haka gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin Fir'aunoni a 2021. Da yamma sau biyu muka shiga kwale-kwale mai filafilai a Kogin Nilu, auta tana miƙa hannu wai sai ta taɓa ruwa.

Da muka dawo kakarsu ta tambaye su abin da suka gani. Yaron ya ce raƙumi da kyanwoyin kasuwa, auta ta ce jirgin ruwa. Ba wanda ya ambaci dala, wurin da na kusa jefa 'yata a haɗari saboda shi.

Don haka 'yar uwa, idan Allah ya hore miki irin wannan tafiya, ki tsara ta daidai ƙarfin ƙaramin cikinsu. Ki riƙa lura da shan ruwansa da fitsarinsa, kuma idan yaro mai ƙiriniya ya yi tsit cikin rana, ki duba shi. Allah ya raya mana zuri'a, sai mako na gaba idan Allah ya kai mu.