Wa Ke Yi Wa Makaɗi Kirari?

A wurin biki kowa yana da suna a bakin makaɗi. Ango yana da nashi, uwar amarya tana da nata, ɗan kasuwar da ya liƙa jikka guda ma sai an kira har kakansa. Amma tambayi mutum goma da suka tashi daga wurin yaya fuskar mai kalangun take, da wuya biyu su gaya maka. Sun ji shi, sun taka rawa, sun watsa mishi kuɗi, ba su dube shi ba. Shekara biyu ke nan ina yawo da kaye da bik ina zana mutane a Maraɗi, kuma wannan abin shi ya fi tsaya mini a rai.

Kayan aikina ba su cika jaka ba: kaye mai takarda mai kauri, baƙin bik, ƙaramin akwatin fentin ruwa irin na ƴan lakwal, buroshi guda, da murfin gora na zuba ruwa. Da tawadar allo na fara, kamar kowane yaro, ta gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Layinta yana da kyau ƙwarai, sai dai an yi ta ne don a wanke, ruwa na taɓa ta za ta bi shi. Don haka in da ita zan yi aiki, kala nake fara shafawa, ta bushe, sannan in ja layi a bisa. Shi bik ruwa bai ɗaga shi, ana iya bi ta kansa da fenti hankali kwance. Ran da fenti ya ƙare kuwa, akwai shayin farko na fada, wanda ke ba da launin katangar ƙasa daidai wa daida. Zoɓo mayaudari ne: ja ne wur a kofi, a takarda sai ya juya shuɗi-shuɗi, bayan ƴan watanni ya koɗe. Da hunturu kuma, kafin ka mai da buroshi cikin ruwa abin da ka shafa ya bushe, dole ka gama haɗa kalarka tun kafin ka taɓa takarda.

Abokaina na fada suna tambayata yaya ake zana wanda bai tsayawa wuri guda. Makaɗi ya fi kowa sauƙi, don kiɗa maimaici ne. Hannun da ya bar wuri zai komo wurin, kai dai ka jira shi. Ina fara wa da abin da bai motsi, hula da kafaɗa da inda gangar ta zauna, sannan in ɗauki hannun kaɗan-kaɗan duk lokacin da ya dawo. Kowane kiɗa kuma yana da inda yake zama a jikin mai shi. Na mai kalangu yana gwiwar hannun da ke matse igiyoyi ƙarƙashin hammata, nan muryar gangar ke hawa da sauka. Na mai goge yana wuyansa, yadda yake karkata kai wajen izgar kamar mai sauraren asiri. Mai algaita kumatu ne: yana ajiye iska a cikinsu, ya sha numfashi ta hanci, busa ba ta yanke ba. A hawan salla na Damagaram na ga kakaki ya ƙi shiga shafi guda, sai da na buɗe kaye biyu-biyu.

A babbar kasuwa, ɓangaren mahauta, akwai wani dattijo mai kalangu. Kalangu dama gangar mahauta ce tun kaka da kakanni, shi ya sa nan yake wuni. Na gaishe shi na durƙusa.

"Baba, zana ka nike so in yi, in ka yarda."

"Mi za ka yi da ni, yaro? Ga masu kuɗi can, tahi ka zana su."

"Su kai kake yi musu kirari kullum, Baba. Kai wa ke yi maka?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce in zauna, amma shi ba zai bar aikinsa don ni ba. Abin da nake so ke nan. Na yi wajen minti ashirin, yara sun taru a bayana suna gyara mini: hular ta fi haka tsawo, ka manta tsagar kumatu. Da na gama na miƙa mishi da hannu biyu. Bai dubi fuskar ba ko kaɗan. Ya tsura wa hannun dama ido, inda babban yatsa ya lanƙwashe bisa makaɗi, ya daɗe shiru.

"Wanga hannun babana ne," ya ce. "Haka shike riƙe ta. Ban san na ɗauko ba."

Nan ya ba ni labari. Ɗiyansa maza biyu, ɗaya yana kabu-kabu, ɗaya ya tafi Agadas neman kuɗi, babu wanda ya rataya gangar. Bai zarge su ba. Ya ce yanzu masu biki sun fi son su ɗauko mai na'ura da manyan lasifika, kuɗi kaɗan, ƙara mai yawa. Ya sa na rubuta sunansa a ƙasan zanen, da sunan ubansa, da na kakansa, kamar yadda shi yake jera wa mutane nasu. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba.

Ka'idata ita ce zane na mai jikin ne tukuna. In yana so ya ɗauka, ni in ɗauki hotonsa da waya, ko in roƙi zama na biyu. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Masu a'a kuwa suna da yawa. Wata inna mai ƙosai a unguwarmu ta ce, "Ɗana, fuskata ba ta shiga takarda. Ga hannu ga kasko, ka yi ta." Na yi, kuma yana cikin zanen da na fi so: yatsu huɗu suna sakin ƙullu a mai, da tabon ƙuna a bayan hannu. Kawuna shi ma yana da magana a kan zanen mai rai, ya gaya mini abin da ya ji daga malamansa, na saurara da ladabi. A gidansa ban buɗe kaye.

Wani zai ce ai waya ta isa. Ta isa ga abin da take yi. Amma da waya kana iya ɗaukar ɗan ga-ruwa daga nesa ka wuce, bai sani ba. Zane bai yiwuwa sai ka yi sallama, ka roƙi izini, ka zauna ƙasa inda yake zaune, ya ga kana kallonsa, shi ma ya kalle ka. Cikin wannan zaman nake jin abin da ban tambaya ba: nawa ake sayar da tulla biyu, wace unguwa famfo ya ƙafe, kafaɗar da ta daina ɗaukar sanda.

A Yamai, cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya tana ajiye da kayan kiɗan ƙasar nan. Malam Mamman Barka, wanda ya yi aiki a can, sai da ya tafi har bakin Tabkin Cadi ya zauna gaban wani tsoho ya koyi biram na Buduma don kar ya ɓace. Shi ma ya rasu a 2018. Ganga da goge ana iya rataye su a bango su shekara hamsin. Yadda ake riƙe su kuwa, da mai riƙon yake tafiya.

Na san in aka buga wannan ɗan littafin, injin fotokopi zai cinye kalar zanena, layin bik kaɗai zai bari. Ba komai, layin ne ke ɗauke da mutumin. Bik kuwa kowannenmu yana da shi a aljihu. A unguwarku akwai mai gurumi, ko zabiya, ko tsohuwa mai kiɗan ƙwarya. Ku je ku gaishe su, ku roƙa, ku zana ko da bai yi kama ba. Ku rubuta sunansu a ƙasa, da sunan wanda ya koya musu, da ranar.