Injin da Ba na Motar Ba: Yadda Ake Gane Shi da Abin da Yake Jawo wa Iskar Gari

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi sun riga sun yi aiki na shekaru a wata ƙasa kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas, shi ya sa ake kiransu 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Mai sayen irin wannan mota yakan duba fenti da kujeru da tayoyi, ya sa a tayar masa ya saurari ƙara, amma da wuya ya yi tambayar da ta fi waɗannan nauyi, wato ko injin da ke ƙarƙashin bonet shi ne wanda kamfani ya ƙera motar da shi.

Canza inji ba laifi ba ne a kan kansa. Inji yakan buga saboda ƙarancin baƙin mai ko zafi ko tsufa, kuma wanda motarsa ce hanyar abincinsa ba zai ajiye ta ba alhali ana sayar da injuna a Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo. Sai dai canjin iri biyu ne, kuma haɗa su wuri guda shi ne tushen ruɗani. Akwai sa inji irin wanda aka cire sak, mai lambar samfuri ɗaya, wanda zai zauna a mazauninsa ya karɓi wayoyinsa ba tare da an yanka komai ba, akwai kuma ɗauko injin wata mota ko na wata shekara a tilasta masa zama da walda da ƙulle-ƙullen waya. Na farko gyara ne, na biyu kuwa sauya motar ne baki ɗaya, ko da jikinta da takardunta ba su nuna hakan ba.

Dalili shi ne injin zamani ba ya aiki shi kaɗai. Akwai kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, da ke auna yawan fetur da iskar da za su shiga, tana dogara da ƙananan na'urorin awo da ake kira sensa. Akwai kuma matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa, wadda a garejin Najeriya aka fi sani da indomi, kuma a cikinta akwai wani dutse mai ƙananan ramuka da aka shafe da ƙarafa masu tsada guda uku, filatinam da faladiyam da rodiyam. Aikinsu shi ne mayar da gubar hayaƙi, wato iskar kabon monoksaid da ragowar man da bai ƙone ba da iskar naitirojin oksaid, zuwa abubuwan da cutarwarsu ba ta kai haka ba. Matatar ba ta aiki sai haɗin mai da iska ya tsaya daidai, haɗin kuma ba ya tsayawa sai kwamfutar ta dace da injin. Idan aka sa injin da kwamfutar ba ta san shi ba, motar na iya tashi ta yi gudu har mai ita ya yaba, alhali tana zubar da ɗanyen mai cikin salansa tana ƙona matatar a hankali.

Amurka, inda yawancin Toyota da Honda na kasuwanninmu suka fito, ta ɗauki lamarin da gaske tun dokar tsabtar iska ta 1970, wadda ta kai ga fara sa matatar hayaƙi a motocin 1975, kuma dokar ta haramta cire ko lalata kayan rage hayaƙi. Jihar Kalifoniya ta fi kowa tsanantawa: injin da za a sa dole ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, ya fito daga mota mai aji ɗaya da ita, ya zo da dukkan kayan rage hayaƙinsa, sannan a kai motar wurin mai binciken gwamnati ya duba ya manna mata shaida. Hikimar wannan tsari ita ce bai hana talaka gyara motarsa ba, ya dai hana gyaran ya mayar da hayaƙinta baya.

Gane canjin yana farawa ne daga lambar shasi, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17 tun daga motocin 1981. Ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin kasuwar Amurka, gurbi na huɗu zuwa na takwas ne ke bayyana samfurin mota da injinta, na goma kuma shekararta, don haka duk wanda ya shigar da lambar a manhajar fassara ta zai san injin da ya kamata ya tarar. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka akwai kuma wata takarda da ke manne a cikin bonet, mai ɗauke da girman inji da shekara da ƙa'idar hayaƙin da motar ta cika, sai dai ba a dogara da ita ita kaɗai, domin motar da ta yi haɗari kan zo da bonet ɗin wata. Daga nan sai a nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin kansa, wadda sau da yawa sai an goge maiƙo an haska tocila kafin ta bayyana. Misali, Toyota Camry ta Amurka mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 tana zuwa da inji 2AZ-FE mai lita 2.4, ta 2010 da 2011 kuma da 2AR-FE mai lita 2.5, alhali jikinsu kusan ɗaya ne ga mai kallo daga waje. Wanda aka sayar wa da ta 2010 ya tarar da 2AZ a jikin ƙarfen, ya san akwai bayanin da ba a yi masa ba. Wurin lambar da aka kankare ko aka sake bugawa kuwa ya wuce batun gyara, ya shiga zargin kayan sata.

Sauran alamomin ido ne ke kama su. Masu farfasa motoci a waje sukan rubuta lamba da fentin alƙalami, rawaya ko fari, a saman injin da suka cire, kuma rubutun kan daɗe bai goge ba. Wayoyin da aka yanke aka naɗe da baƙin salatif, soket da ke lilo babu abin da aka jona masa, ƙafar inji da aka yi wa walda, notuna mabambanta a inda ya kamata su zama iri ɗaya, da sabon ɗinkin walda a bututun salansa daidai inda matatar take, duk suna ba da labari. Wannan na ƙarshe ya yawaita ƙwarai, domin ƙarafan cikin indomi suna da kasuwa, har hukumar binciken sufuri ta Holan ta ba da rahoto a 2020 cewa wasu motocin da ake turowa Afirka an riga an yanke musu ita tun kafin su hau jirgi.

Na'urar bincike ta sauƙaƙa abin da ya rage. Duk motar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar da ke karanta abin da kwamfutar ta adana. A motocin da ba su tsufa sosai ba kwamfutar na riƙe da lambar shasi, kuma idan ta saɓa wa ta jikin gilashi, to an canza kwamfutar, wanda sau da yawa tare da inji ake yi. Lambar matsala P0420 na nufin matatar ba ta aiki yadda ya kamata ko babu ita. Wasu masu sayarwa kan goge lambobin matsala gab da zuwan mai saye, amma gogewar na barin sawu, domin gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta za su nuna ba su kammala ba har sai motar ta yi tafiya mai ɗan nisa. Haka kuma fitilar gargaɗin inji dole ta kama idan aka murɗa makulli kafin a tayar, wadda ba ta kama ba ko kaɗan mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an rufe ta.

Dokoki ba su yi ƙaranci a wannan yanki ba. Hukumar kula da muhalli ta Najeriya, NESREA, tana da ƙa'idojin hayaƙin motoci tun 2011, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince cewa motocin da za a shigo da su su cika ma'aunin Euro 4, man da za a sayar kuma ya zama mai ƙarancin sinadarin salfa, wanda yawansa ke kashe matatar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo, domin a mafi yawan garuruwa ana sabunta takardun mota ba tare da an taɓa sa na'ura a bakin salansarta ba. Abin takaicin shi ne mai motar, wanda ya rufe gilashi ya kunna sanyi, shi ne ya fi kowa tsira daga hayaƙinta. Masu shaƙarsa su ne yarinya mai talla a bakin danja, da direban adaidaita sahu da ke bin bayan motar tun safe, da ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019.

A fiƙihun ciniki wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da zaɓin mayar da kaya idan aka ɓoye masa, kuma injin da ba na mota ba ya shiga wannan hukunci, domin yana taɓa farashi da cin mai da samun kayan gyara nan gaba. Yana kuma rushe amfanin mita, tunda tafiyar da ta ƙirga ta jikin motar ce, injin kuwa ba wanda ya san nisan da ya yi. Dillalin da ya faɗi gaskiya ya nuna rasiɗin injin ba ya rasa mai saye, farashi ne kawai zai daidaita. Wanda ya amince ya saya a haka, ya kamata ya karɓi rasiɗin, ya sa a rubuta canjin cikin takardar ciniki a gaban shaidu, sannan ya je ofishin lasisi a gyara lambar injin da ke cikin takardun motar ta dace da wadda ke jikin ƙarfe.