Kejin da ke ɗakin ajiyarmu

Abin da har yau ya ƙi kwanta mini a aikin gyaran lantarkin jirgin sama a nan Jamus shi ne kejin da ke ƙuryar ɗakin ajiyarmu. Na waya ne, da kwaɗo, a ciki ake kulle duk kayan da ya iso babu takardar shaidarsa, wadda ake kira EASA Form 1. Da idona na ga akwatin rediyon jirgi sabo ful a ledarsa an tura shi ciki an rataya masa jan kati, jirgi ya kwana a ƙasa, don lamba ɗaya a takarda ta saɓa da ta jikin ƙarfen. Kuɗin akwatin nan zai tayar da gida a Moriki.

Wanda muka ciro mai matsalar ma ba a yarda mu kwance shi ba, sai dai a naɗe a aika shagon da aka ba izini. Nan ne raina ke ɓaci. Mai gyaran rediyo a Ƙauran Namoda zai sunsuna, ya ƙwanƙwasa, ya gano inda dalma ta tsage kafin la'asar. A irin wannan hannu na tashi, kuma akwai masu lasisi a nan da ba su kai yaran shagonmu iya riƙe ƙarfen dalma ba.

Amma ina kishin yadda suka ɗauki sa hannu. Jirgi ba ya motsawa sai mai lasisi ya rubuta abin da ya yi, ya ambaci shafin littafin masana'anta da ya bi, ya buga hatiminsa mai lamba. Bayan shekaru ana iya gano wanda ya taɓa kowace waya. A watan Oktoban 1996, jirgin Aeroperú ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashi daga Lima, mutum 70 suka rasu, saboda an manta da salatif a kan ƴan ramukan da ke ba na'ura labarin tsayi da gudu. A 2023 kuma aka gano wani kamfani a Landan yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi. Idan na tuna waɗannan sai in ga kejin yana da hujja, ko da yake ganin sabon kaya a kulle bai daina yi mini ciwo ba.

Ƙannena da ke tambayata hanya, ga yadda take. Lasisin lantarki a Turai shi ne B2, na inji da gangar jiki B1. Wanda ya yi kwas na sa'o'i 2,400 a makarantar da hukuma ta amince da ita, shekara 2 na aiki a jikin jirgi ake nema daga gare shi; wanda bai yi wani horo ba, shekara 5. Kowace jarrabawa sai ka ci kashi 75 cikin ɗari. Lasisin kaɗai ba ya sakin jirgi: sai ka yi kwas na ƙirar jirgin, ka kai shekara 21, kamfani ya ba ka izininsa. Lasisin NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta gida Najeriya, ba ya rikiɗa ya zama na Turai, za ka sake zama jarrabawa. Duk da haka kada ka raina kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, ko difloma ta lantarki daga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Tushe ne mai ƙwari.

Ka sayi littafin rubuta aiki tun ranar farko. Kwanan wata, lambar rajistar jirgi, abin da ka yi, sa hannun maigidanka a ranar, ba bayan wata shida ba. Na san ƙwararru da suka zo da shekaru na aiki a hannu aka ƙi ƙirga musu, don babu wanda ya sa hannu a kai. An ƙaddamar da aikin filin jirgin saman Gusau a 2024, kuma duk jirgin da ya samu matsalar lantarki a can zai jira mai lasisi. Ina so wanda za a kira ya zama ɗan Zurmi ko Shinkafi, ba sai an ɗauko shi daga Legas ba.