Jijiyoyin Akori-kura: Yadda Ake Zaɓen Tiyo, Mahaɗi da Filta

A Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar su sami tsohuwar akori-kura da ta daɗe a ajiye, su warware ta har ƙashin bayanta, sannan su sake gina ta yadda ransu yake so. Cikin waɗanda aka fi nema akwai Chevrolet C10, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972. Abin da aka saba yi shi ne a cire tsohon injinta mai kafireto, a dasa mata na zamani daga dangin da ake kira LS, galibi mai lita 5.3 wanda kamfanin General Motors ya soma sanyawa a Silverado tun 1999. Irin wannan inji ya cika wuraren sayar da kayan motocin da suka yi haɗari, kuma farashinsa da sauƙi.

Kuɗi da hankali duk kan inji, fenti da taya suke ƙarewa. Tiyo da mahaɗai da filta, wato hanyoyin da fetur da baƙin mai da man birki suke bi, su ake bari sai ƙarshe, lokacin da aljihu ya yi sanyi, zumuɗin jin kukan inji kuma ya yi zafi. Alhali kuwa inji idan ya lalace tsayawa yake yi a gefen titi, amma tiyon fetur idan ya fashe wuta ce ke biyo baya.

Wani ma'aikaci mai kimanin shekara hamsin ya gaji irin wannan mota, ƙirar 1970, daga mahaifinsa. Shekara biyu ya kwashe yana aikinta a ƙarshen kowane mako, da niyyar idan ta tashi ya riƙa ɗaukar jikokinsa a ciki kamar yadda aka ɗauke shi yana yaro. Da ya zo kan hanyar fetur, idonsa ya tafi kan abin da kowa ke yayi: tiyo mai saƙar ƙarfe a bayansa yana walƙiya, da mahaɗan alminiyum ja da shuɗi. Ya rubuta jerin abin da yake so, ya kai wa wani dattijo mai shagon haɗa tiyo na manyan injuna. Dattijon bai dubi jerin ba. Tambayoyi huɗu ya yi masa a kan kowane tiyo: me zai bi ta cikinsa, da wane ƙarfin matsi, a cikin wane irin zafi, kuma da me za a haɗa bakinsa biyu. Mai motar bai iya amsa ko ɗaya ba. Sai ya koma gida ya soma neman amsoshin, kuma su ne suka zaɓar masa kayan.

Amsar farko da ya samu ita ce ta matsi. Tsohon kafireto fetur yake so a kawo masa a hankali, da matsin da bai wuce psi 5 zuwa 7 ba. Injin LS kuwa yana fesa mai ta injekta, kuma yana buƙatar psi 58, wato kusan ninki biyu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tiyon roba da ke jikin motar tun zamanin mahaifinsa ba don wannan aka yi shi ba. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa tiyon fetur kashi-kashi, kuma ana buga lambar a jikinsa. Mai lamba 30R7 ba a ɗora masa fiye da psi 50. Mai lamba 30R9 shi aka yi wa injin injekta, yana ɗaukar psi 100. Akwai kuma 30R10, wanda shi kaɗai ne ya dace da zama a cikin tanki, domin ciki da bayansa duk suna jure fetur. Wanda ya sa 30R9 a cikin tanki don haɗa famfo, bayan 'yan watanni fatar bayansa za ta kumbura ta yi laushi, matsi ya riƙa zurarewa a inda ido ba ya kaiwa. Idan aka jera ukun a kan teburi, da ƙyar a bambance su in ba a karanta rubutun ba.

Amsa ta biyu ta shafi shi kansa fetur ɗin. Man da aka ƙera motar 1970 dominsa ba shi ake sayarwa yau ba. Tun bayan dokokin makamashi na 2005 da 2007, kusan duk fetur ɗin da ke gidajen mai a Amurka yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na etanol, barasar da ake tatsa daga masara, akwai ma nau'in E85 wanda etanol ya fi rinjaye a cikinsa. Etanol yana janyo danshi, yana kuma cin tsohuwar roba: ta bushe, ta tsattsage, ko ta riƙa zubar da baƙin gari zuwa cikin inji. Masu mota a Najeriya sun ɗanɗani kwatankwacin haka a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol fiye da ƙima, ya jawo lalacewar motoci da dogayen layuka a Legas da Abuja. Darasin ɗaya ne: ana auna roba ne da man da zai ratsa ta.

A nan ne tiyo mai walƙiya ya zama kyan ɗan maciji. Da yawa daga cikinsu roba ce a ciki, saƙar ƙarfen riga ce kawai. Robar tana barin tururin fetur ya ratsa jikinta, shi ya sa gareji kan cika da warin mai ko da babu ɗigo a ƙasa. Mafi muni, idan ta soma tsagewa rigar ƙarfen tana rufa mata asiri har ranar da za ta fashe. Saboda haka mai motar ya koma ga tiyo mai cikin PTFE, sinadarin da aka fi sani da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938. Fetur da etanol ba sa cin sa, wari ba ya ratsa shi, kuma yana jure zafi har wajen digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Sai dai shi ma da sharaɗinsa. Ba ya son lanƙwasa mai tsanani, idan ya karye a wuri ɗaya ya tashi aiki. Mahaɗansa daban ne, suna da wani ɗan zobe da ke kama bakin, ba a musanya su da na tiyon roba. Sannan na fetur ana so cikinsa ya zama baƙi, wanda aka gauraya da gawayi, domin gudun mai a cikin farin PTFE yana tara lantarki, lantarkin kuma kan huda shi ya bar ƙananan ramuka kamar na allura.

Daga tiyo sai mahaɗi, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa, domin mahaɗai tamkar harsuna ne da suka yi kama a kunne amma ba sa fahimtar juna. Waɗanda masu gina motoci suka fi so su ne na tsarin AN, wanda rundunonin sojan ƙasa da na ruwa na Amurka suka tsara wa jiragen sama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin, rarar kayan soja ta kwararo kasuwa da araha, masu tseren motoci suka rungume su. Lambar girmansu lissafi ne mai sauƙi: kowace lamba kashi ɗaya ce cikin goma sha shida na inci. AN 6 na nufin shida cikin sha shida, wato uku bisa takwas na inci; AN 8 rabin inci ne. Injin lita 5.3 na farko-farko, wanda ƙarfinsa bai kai na doki 300 ba, AN 6 ya wadace shi. Ƙarin girma ba ya ƙara masa gudu, kuɗi kawai yake ci.

Abin da ke hana mahaɗin AN yoyo shi ne bakinsa mai siffar mazurari, wanda aka karkata digiri 37, yana zama daram a kan ɗan'uwansa, ƙarfe a kan ƙarfe. Haƙoran notin aikinsu matsewa ne kurum. Amma akwai wani tsarin da aka saba gani a tsofaffin motoci da na'urorin sanyaya ɗaki, mai karkatar digiri 45, kuma a wasu girma haƙoransu iri ɗaya ne. Mutum zai ɗaura na 37 a kan na 45, noti ya shiga lafiya, sifana ta ja har ta tsaya, alhali bakunan biyu a siririn layi kawai suka taɓa juna. Irin wannan mahaɗi yakan yi shiru a gareji, sai girgizar hanya ta sassauta shi. Akwai kuma NPT, na aikin famfo, wanda haƙoransa ke tsukewa a hankali, su ne kuma ke toshe yoyo, don haka shi ake shafa wa maganin liƙi. Wanda ya naɗa farin tef ɗin famfo a kan AN bai toshe komai ba, illa ya aika guntayen tef zuwa cikin injekta. Da mai motar ya fahimci wannan, sai ya zana hanyar man a takarda tun daga tanki har inji, ya rubuta irin bakin da ke kowace mahaɗa. Ya kuma rage yawansu gwargwadon iko, tunda kowace mahaɗa ƙofa ce da yoyo zai iya bi.

Filta kuwa tambayarta ita ce a ina zai zauna. Ana auna ramukansa da maikuron, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kai wajen 70. Tsarin da aka saba guda biyu ne. Kafin famfo ana sa mai manyan ramuka, kamar maikuron 100, na ragar ƙarfe, don ya tare tsatsa da tsakuwa. Bayan famfo ana sa mai ƙananan ramuka, kamar maikuron 10, don ya kare injekta. Mai ganin tsafta ba ta yawa zai so ya sa mai 10 tun daga bakin tanki, kuma da haka zai kashe famfonsa. Famfon lantarki gwani ne wajen turawa, rago ne wajen zuƙa. Idan aka shaƙe masa hanya, fetur ya riƙa kumfa a bakinsa, ya yi zafi, ya soma kuka, ya mutu. Mai amfani da E85 kuma yana guje wa filta na takarda, saboda barasa da danshi suna lalata shi. Mai motar ya zaɓi abin da magina da yawa suka yarda da shi: filtan Corvette ƙirar 1999 zuwa 2004, wanda ya haɗa tacewa da daidaita matsi a psi 58 cikin gwangwani ɗaya, yana mayar da rarar mai tanki ta gajeriyar hanya. Tsohon tankin mai shekara hamsin kuwa ya sauya shi da sabo, domin babu filtan da zai iya da tankin da ke haifar da tsatsa kullum.

Tambayoyin nan huɗu ba a fetur suka tsaya ba. Tiyon silikon yana da kyau ga ruwan lagireto, amma mai yana lalata shi. Tiyon da ke kai mai daga famfon sitiyari yana ɗaukar matsin da ya haura psi 1,000, don haka na'ura ce ke matse bakinsa, kilif ba ya riƙe shi. Birki ma yana kai wannan matsi idan aka taka da ƙarfi, shi ya sa hanyarsa bututun ƙarfe ce mai baki ninki biyu, tiyon da ke kusa da taya kuma sai wanda ya cika ƙa'idar gwamnatin tarayya mai lamba 106. Mahaɗin da ake matsewa da zobe, irin na famfon gida, ba shi da gurbi a birki ko kaɗan.

Saura zafi da hanya. Bututun da ke fitar da hayaƙi daga inji yakan wuce digiri 400, fetur kuwa yana kamawa da kansa tun kafin a kai 300. Feshin mai a psi 58 da ya sauka a kan wannan ƙarfe ba ya jiran ashana. Don haka mai motar ya bi da man ta bututun ƙarfe a jikin shasi, a gefen da ke nesa da salansa, ya ɗaure shi da kilif mai roba a ɗan tsakani kaɗan-kaɗan. Tiyo mai lanƙwasa ya bar shi inda motsi yake kawai, tsakanin shasi da inji, tare da ɗan sassauci domin inji yana jijjiga a kan ƙafafunsa. Duk inda tiyo ya ratsa rami a ƙarfe, ya sa masa zoben roba. Ya kuma raba saƙar ƙarfen da wayoyin lantarki, domin a kan hanya tana goga abin da ta taɓa kamar zarto. Kowane tiyo da ya yanka sai da ya wanke cikinsa ya busa masa iska, saboda ɓurɓushin yanka shi ne dattin farko da sabon inji ke haɗiya.

Ranar gwaji bai tayar da injin ba tukuna. Ya gunguro motar waje, ya ajiye tukunyar kashe gobara kusa da ƙafarsa, ya murɗa makulli har famfo ya cika hanya da mai, agogon matsi ya hau 58. Sannan ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya da farar takarda yana shafawa. Guda ɗaya, kusa da filta, ya bar ɗan danshi a takardar. Ya kwance shi, ya ga siririn karce a bakin mazurarin, ya jefar da shi maimakon ya ƙara masa ƙarfin sifana, ya jira kwana uku sabo ya iso. Da takarda ta fito a bushe ko'ina, ya rubuta ranar da lambar kowane tiyo a ɗan littafi, ya ajiye a aljihun gaban mota, domin wanda zai gaji motar bayansa ya san abin da ke ƙarƙashinta da lokacin da ya kamata a sauya shi.